KUN GANE? MUN GANE, MALAM!

Maganar da zan yi, da 'yan'uwana na aji ɗaya da na aji biyu na ke, waɗanda ba su fita gwajin koyarwa ba tukuna. Mu da muka je muka komo, in muka yi shiru da abin da muka gano ba mu kyauta ba, gama wanda ya riga ka shiga rafi shi ya san inda zurfi ya ke. Malamanmu kuwa, in sun ga na kauce, sai su gyara mini, don har yanzu almajiri ne ni.

Bari in fara da faɗin gaskiya. Ban zo kwalejin nan don son malanta ba. Jami'a na nema, sau biyu ina rubuta jarrabawar shiga ban sami gurbi ba, sai kawuna ya ce da zaman banza gara aikin kishiya, in zo in yi NCE kafin Allah ya kawo wata hanya. Na san kuwa ba ni kaɗai ba ne. In da za a bi ɗakunan kwananmu ana tambaya a asirce, da an sami irina da yawa.

Da can ba haka abin ya ke ba. Kwalejin Katsina da Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922, don horad da malamai aka kafa ta, kuma waɗanda suka fito daga cikinta alli suka fara riƙewa kafin su riƙe ƙasa. Sir Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Midil ta Bauci, Alhaji Abubakar Imam kuwa a Midil ta Katsina kafin ya koma Zariya aikin littattafai da jarida. A nan Kudu ma haka ne. 'Yan mishan sun kafa Kwalejin Sen Andiru a Oyo a 1896, da Kwalejin Wesli a Badun a 1905, inda Cif Obafemi Awolowo ya yi karatu. A zamanin nan duk wanda aka ce masa malamin makaranta ne, shi ke karanta wa gari wasiƙa, shi a ke nema shawara.

Hanyar shiga aikin ta sāke da yawa tun daga lokacin. Kakanninmu takardar malanta mai daraja ta biyu suka sani, wadda su ke kira Gireti Tu. Rahoton kwamitin Ashbi na 1960 shi ya jawo aka buɗe manyan kwalejojin horad da malamai masu ba da NCE bayan karatun shekara uku. Da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Satumba 1976, yara suka yi ta kwararowa fiye da yadda aka zata, dole aka horad da malamai cikin gaggawa. Yau NCE ita ce mafi ƙanƙantar takardar da doka ta yarda a koyar da ita. Hukumar da ke kula da kwalejojin ilmi, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara abin da a ke koya mana, hukumar rajistar malamai ta 1993 kuwa ita ke ba mutum lasin bayan ya ci jarrabawarta. Duk wannan na sani tun ina aji ɗaya, har na ci maki da shi. Abin da ban sani ba shi ne zan ba ku labari.

Kafin a tura mutum gwaji, abin da a ke fi matsa masa a kai shi ne rubuta shirin darasi, wato lesin-not. Kun dai san yadda ya ke. A sama ka rubuta aji da darasi da batu da tsawon lokaci. Sa'an nan manufa, da abin da yara suka riga suka sani, da kayan koyarwa. Sa'an nan gabatarwa, da matakai ɗaya bayan ɗaya, da auna fahimta, da jinga. Wannan tsari ba a nan aka ƙago shi ba. Tushensa wani Bajamushe ne, Herbart, wanda ya rasu a 1841. Shi ya ce sabon sani ba ya zama a kan mutum sai ya sami tsohon sani da zai maƙale a jikinsa, almajiransa kuwa suka mai da maganar matakai biyar, suka bazu cikin makarantun horad da malamai na duniya.

Wurin manufa nan ne muka fi shan jan biro. In ka rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su gane abu kaza, ko za su san abu kaza, sai malami ya soke, ya ce ka sa aikin da ido ke gani: su lissafa, su rubuta, su ware, su nuna. Ni a lokacin na ɗauka tsanani ne kawai irin na malamai. Ina bambancin su gane da su lissafa? Na kan sāke kalmar don a bar ni in huta.

Akwai kuma ƙaramin gwaji da mu ke yi a nan cikin kwaleji, inda mutum zai tsaya gaban 'yan ajinsu ya koyar na ɗan mintoci, a duba shi a gyara masa. An fara wannan dabara a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, tana da amfani ƙwarai wajen koyon tsayuwa da ɗaga murya da rubutu a allo ba tare da ka ba aji ƙeya ba. Amma fa ku lura da aibinta. Waɗanda ke zaune gabanka ƙatti ne masu shekara ashirin da ɗoriya, sun san amsa tun ba ka tambaya ba, kuma kowa na taimakonka don ya san gobe shi ne a gaba. Duk tambayar da ka jefa sai a cafe. Da haka na fita ina ganin kaina gwani.

Aka tura ni wata makarantar firamare ta Gwamnati a wani gari na ƙasar Yarbawa, a bakin unguwar Sabo. Aka ba ni aji uku, yara 58, bencin mutum biyu huɗu ke zama a kai. Yawancinsu Yarbawa ne, sai 'ya'yan Hausawan Sabo kamar goma sha biyu, waɗanda kullum a baya su ke zama, sun takure wuri guda. Mai ajin wata dattijuwa ce Bayarbiya da ta kusa barin aiki, kowa Mama ya ke ce mata, ni ma na bi.

A mako na uku malamin da kwaleji ta aiko ya duba ni ya iso, ba sanarwa. Ya sami kujera ya zauna a baya, ya karɓi lesin-not ɗina. Darasin ranar lissafi ne, ɗebewa mai aro. Na rubuta 52 a ɗebe 27. Na ce 7 ba ta fita daga 2, sai mu ari 1 daga wurin 5, 2 ta zama 12, a ɗebe 7 saura 5, 5 kuwa ta koma 4, a ɗebe 2 saura 2, amsa 25. Na yi misali na biyu, na yi na uku, rubutuna tsaf kamar na ɗab'i. Kowane mataki na tambaya da Turanci, "Kun gane?" Su kuwa su amsa baki ɗaya, "Yes sa!" har kwanon rufi na amsawa. Na kira uku daga cikin masu ɗaga hannu, suka yi daidai a allo. Ana buga ƙararrawa ina rufe darasi, minti 35 cif. Na ce a raina, yau kam sai A.

Sai mai duba ya tashi, ya nemi izinin Mama, ya ce yara su dakata kaɗan. Ya rubuta 61 a ɗebe 24, ya ce kowa ya yago takarda ya yi shi kaɗai, ba magana, ba leƙe. Ya tattara da kansa, ya miƙo mini, ya ce in ƙirga. Tara suka sami 37. Fiye da talatin sun rubuta 43. Sauran, waɗansu sun kwafi tambayar sun bari, waɗansu takardar fara fat.

Bai ce mini kome ba gaban yara, Allah ya sāka masa. Sai da muka fita gindin mangwaro ya ce, "Malam, ka koyar da allo, allo kuwa ya gane. Wa ya gaya maka yara sun gane?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, su suka faɗa."

Ya ce, "Yaro ɗan shekara takwas, malaminsa na tsaye a kansa, ga baƙo zaune a baya, ka tambaye shi ko ya gane. Me ka ke so ya ce?" Ya buɗe lesin-not ɗina, ya sa yatsa a kan manufar da na rubuta da hannuna, cewa yara za su lissafa. Ya ce, "Ka ce za su lissafa. Nawa ka ga sun lissafa kafin in tashi?" Na ce uku. Ya ce, "Uku cikin 58. Zan komo."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na baje takardun a tabarma ina dubawa, da fari da haushi, daga baya da mamaki. Abin da ya tsai da ni shi ne 43 ɗin nan. In da wauta ce, ai da kowa da irin tasa amsa. Yaya aka yi yara fiye da talatin, ba su leƙi juna ba, suka faɗa rami guda? Sai na gane hanyar da suka bi. Sun dubi 1 da 4, suka ɗebe ƙarami daga babba, saura 3. Suka dubi 6 da 2, saura 4. Ga 43 ta fito. Wato ƙa'ida su ke bi, kuma mu malamai muka ba su ita, gama tun a aji ɗaya a ke ce musu ba a ɗebe babba daga ƙarami. Yaro ya riƙe magana da kyau, ya yi aiki da ita inda ba wurinta ba. Tun daga ranar na daina jin haushin amsar da ba daidai ba. In ka duba ta a hankali, ita ke nuna maka abin da ke cikin kan yaro, abin da "Yes sa" ba ta taɓa nunawa.

Sa'an nan ku dubi maganar aron nan da kunnen yaro. An ce a ari 1. To, 1 da 2 ai 3 ke nan, ta yaya suka zama 12? A wurinsa siddabaru ne malam ya yi. Dalili kuwa shi ne bai san cewa 5 ɗin da ke cikin 52 ba biyar ba ce, goma biyar ce. Wannan shi ne tsohon sanin da Herbart ya ce sabo zai maƙale a jikinsa, ni kuwa a lesin-not na rubuta cewa yara sun riga sun san shi, ban gwada ko ɗaya ba. Kwafa na yi daga na wani. Daga baya ma wata yarinya mai wayo ta tambaye ni, wanda aka ara ɗin nan yaushe za a biya? Ban sami amsa ba, don gaskiyarta, aron da ba biya ai ba aro ba ne.

Na tuna kuma da kaina. A makarantar mishan na yi firamare, kuma ba zan taɓa rena abin da ta yi mini ba. Can na koyi zuwa kafin ƙararrawa, da gyaran rubutu, da cewa malami ba ya kwana da littafin yaro bai duba ba. Amma hadda ita ce sarauniya. Mu kan rera jadawalin sau tun daga biyu har sha biyu kamar waƙa, yadda mu ke rera ayoyin haddacewa ran Lahadi. Ina iya ce maka bakwai sau takwas 56 ko cikin barci ka tashe ni, amma sai da na kai aji biyar na gane cewa tsibi takwas ne, kowane da bakwai. Ashe ni ma cikin masu ihun sun gane na girma, har na fi kowa murya. Ba na cewa hadda banza ce. Wanda bai haddace jadawali ba zai sha wuya har tsufansa. Sai dai ita bango ce, ba harsashi ba.

Da safe na kai wa Mama kukana. Ta yi dariya, ta jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da tsinken tsintsiya an yanka su tsawon yatsa, an ɗaure goma goma da roba. Ta ce tun tana sabuwar malama ta ke da irinsu, ta ga na zo da kwali mai zane da launi daga kwaleji shi ya sa ba ta yi mini tayi ba. Na ji kunya. Na tara yara muka ƙaro tsinke, kowane benci ya sami nasa.

Ga yadda muka yi. Na ce kowane benci ya ajiye ɗauri shida da tsinke ɗaya. Nawa ke nan? Suka ƙirga, 61. Na ce to, ku ba ni 24. Suka miƙo ɗauri biyu ba wuya. Saura huɗu, ga tsinke ɗaya tak a warwatse. Aji ya yi tsit. Bakina na ƙaiƙayi in faɗa musu, Mama ta harare ni, na yi shiru. Can sai wani yaro ya cire roba daga ɗauri guda, tsinke suka zube, suka zama goma sha ɗaya, ya ƙirgo huɗu ya ba ni. Na ce me ka yi? Ya ce ya kwance ne. Nan take sauran benci suka kama kwancewa. Aka ƙirga abin da ya rage, ɗauri uku da tsinke bakwai. Sai a sa'an nan na koma allo na rubuta abin da hannunsu ya riga ya yi. Tun daga ranar a ajin nan ba mu ce a ara, sai mu ce a kwance ɗauri.

Kada ku zaci abin ya tafi sumul. Darasin da na ba minti 35 sai da ya ci kwana uku, aji ya cika da surutu da tsinke, robobi suka koma abin harbin juna. Hedimasta ya kira ni ya nuna mini takardar aikin mako mako, ya ce na rage baya, jarrabawa kuwa ba ta jiran kowa. Shi ma da gaskiyarsa. Wannan ja-in-ja tsakanin gama manhaja da tsayawa sai yara sun iya, kowannenku zai tarad da ita, kuma ba wanda zai raba muku gardama. Abin da na yi shi ne na zaɓi batutuwan da sauran ke hawa kansu na tsaya a nan, waɗansu kuwa na bi su da sauri.

Na sāke kuma yadda na ke tambaya. Wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin malamai cikin aji a farkon shekarun 1970, ta tarar yawanci in malami ya yi tambaya ba ya jira fiye da daƙiƙa ɗaya kafin ya amsa da kansa ko ya kira wani. Ta ga in aka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi su kan yi tsawo, waɗanda ba su saba magana ba su kan sa baki. An koya mana wannan a aji biyu, na rubuta a jarrabawa, na manta. Yanzu in na yi tambaya sai in ƙirga biyar a zuci. Ku gwada ku gani, daƙiƙa biyar gaban yara 58 kamar shekara ta ke. Na kuma daina bin masu ɗaga hannu kaɗai, gama su biyar ne ko shida, kullum su ne.

Dabarar da ta fi yi mini amfani kuwa a Sabo na tsince ta. Kusa da ɗakin da na kama haya akwai makarantar allo. Ni ban yi ta ba, sai na riƙa tsayawa ina kallo da yamma. Hayaniya kamar kasuwa, kowa na karanta nasa. Amma na lura ba yaron da ke wanke allonsa a rubuta masa na gaba sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, malam ya ji da kunnensa. Ba a tambayar taro ko sun iya. Sai na sa aka yanka mini falle falle na silin da aka yar, muka shafa musu baƙin fenti, kowane yaro ya sami ɗan allonsa da guntun alli. In na ba da lissafi, kowa ya rubuta amsa ya kife, in na ce a ɗaga, a ɗaga gaba ɗaya. Cikin ƙiftawar ido sai in ga aji duka, in san wa ya iya, wa ya kwafa, wa ke bin tsohuwar ƙa'ida.

Saura maganar 'yan bencin baya. A cikinsu akwai wani yaro da ban taɓa jin muryarsa ba, takardarsa na cikin fararen nan. An gaya mini kansa ba ya ja. Ran nan na shiga Sabo sayen goron da zan aika wa kawuna, sai ga shi zaune a rumfar ubansa shi kaɗai, yana ciniki, yana ba da canji, ba ya ko duban yatsunsa. Na gaishe shi da Hausa. Ya zaro ido, don a makaranta Turanci kaɗai ya taɓa ji a bakina. Na ce, "In goro 61 ne a faranti, aka sayi 24, saura nawa?"

Ya ce, "Talatin da bakwai, Malam."

Na ce, "Yaya ka yi?"

Ya ce, "Daga ashirin da huɗu zuwa talatin, shida. Zuwa sittin, talatin. Da ɗayan nan." Ya dube ni kamar mai mamakin babba da irin wannan tambaya.

Lissafin da ya gagare shi a takarda ke nan. Ba a kansa farau ba. A 1985 waɗansu masana suka buga binciken da suka yi a Resife ta ƙasar Barazil kan yara masu talla. A bakin ciniki kusan duk lissafin da aka yi musu sun ci, amma da aka ba su irinsa a takarda da lambobi zalla ba su ci ko rabi ba. Shi wannan yaro nawa, ban da haka, yana da wani kaya a kansa. Bai daɗe da zuwa daga Arewa ba, Turanci bai shige shi ba, Yarbanci sai na gaisuwa da ciniki. Duk abin da na ke yi a gaban allo, shi motsin baki ya ke gani. In aka yi ihun "Yes sa" ya buɗe baki tare da jama'a.

Maganar harshen da za a koyar da yara da shi tsohuwar gardama ce a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka soma gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara dukan darussa da Yarbanci shekara shida, Turanci kuwa darasi ne a cikin darussa, aka tarar ba su kasa takwarorinsu ba, har ma a Turancin. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na unguwa a azuzuwan farko. A 2022 Gwamnati ta ce a kai shi har aji shida, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke, a koma Turanci. Wannan ta manya ce. Ni abin da na gani da idona shi ne, kowace doka a ke ciki, malamin da ke son ya san ko yaro ya gane, dole wani lokaci ya tambaye shi da harshen da ya ke mafarki da shi. Sai na riƙa ware minti biyar a ƙarshen darasi in zauna a bencin baya mu yi da Hausa, Mama kuwa ta zaga sauran da Yarbanci. Na raba su kuma, na daina barinsu a takure wuri guda.

Har na roƙi Mama ta koya mini ƙirga da Yarbanci, na tarad da abin sha'awa. Su daga sha biyar zuwa sha tara da ɗebewa su ke ƙirgawa, sha shida a wurinsu ashirin ce ba huɗu. Mu ma ai haka tsofaffinmu ke cewa, ashirin ba biyu, talatin ba ɗaya. Ashe yaran nan, Bayarbe da Bahaushe, da ɗebewa a bakinsu suka zo makaranta, mu muka ce su ajiye ta a ƙofa.

Bayan kwana kaɗan uban yaron ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Malam, na ji kai namu ne, shi ya sa zan gaya maka. Yaron nan boko bai karɓe shi ba. Kowane zango shi ne na ƙarshe. Ga kuɗin littafi, ga na riga. Na yi niyyar in cire shi ya zauna a rumfa, nan ya fi amfani."

Na ce, "Alhaji, ba kansa ba ne, harshe ne. Ɗanka ya fi duk ajin lissafi, ni shaida ne." Na roƙe shi ya bar shi ko zuwa ƙarshen shekara.

Ya yi shiru yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "Kai kuma in ka koma makarantarku fa, wa zai yi masa Hausar?" Ban ce kome ba, don tambayar ta fi ƙarfina. Daga baya ya ce ya ji, zai duba.

Mai duba ya cika alkawari, ya komo ana saura mako biyu mu gama. Wannan karo ban jira ya tashi ba, ni na ba da lissafin, aka ɗaga alluna yana gani. Yara 56 suka zo ranar, 44 suka yi daidai. Ya tambaye ni sauran sha biyun fa? Na zaro takarda na nuna masa sunayensu, da irin kuskuren kowane. Bakwai har yanzu ƙarami su ke ɗebewa daga babba, uku su kan kwance ɗauri su manta ya ragu, biyu kuwa ko lambobi ba su gama rarrabewa ba. Ya karɓa ya duba, ya mayar mini, ya ce in bar wa Mama. B ya ba ni.

Game da zama cikin aikin, ba zan yi muku rantsuwa ba. Na ga albashin Mama bayan shekara talatin da wani abu tana aiki, na ga yadda ta ke sayar da ƙanƙara da yamma don ta cike. Dokar 2022 ta ƙara wa malamai lokacin barin aiki zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, amma ƙarin shekaru ba ƙarin tuwo ba ne. Wanda ya ce wannan ba ya damunsa, bai fara biyan haya ba. Sai dai na lura da kaina, tun da na komo ban sāke ce wa kowa ina yin NCE ne kafin wata hanya ta samu ba. Makon jiya Mama ta bugo mini waya, ta ce yaron na zuwa, sai dai ranar da mota ta sauke huhun goro ba a ganinsa, kuma ya fara haɗa baƙaƙen Turanci, ko da ya ke da sauran tafiya.

Waɗanda za su fita zango mai zuwa, alluna na bar su can, amma na taho da ɗaurin tsinke sittin, suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona. Mai so ya zo ya karɓa bayan cin abincin dare. Ya taho da robarsa, nawa duk yara sun harbe.